Rumfa ba ta sa kasuwa ta ci: gwamnati, matasan fasaha da kuɗin Alhazan Maraɗi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Maraɗi ya san ba siminti ke kafa kasuwa ba. Akwai garuruwan da aka jera sababbin rumfuna, aka kafa allo da sunan wanda ya ba da kuɗin, aka yi buki da kiɗa, amma ranar kasuwa sai ka tarar da jama'a can gefe ƙarƙashin bedi suna awon gero, awaki kuma sun miƙe ƙafa a inuwar ginin. Kasuwa tana ci ne idan mai hatsi ya tabbata zai tarar da mai saye, mai saye ya tabbata ba zai yi zuwan banza ba, ga dillalin da kowa ya yarda da bakinsa, ga hanyar da mota za ta bi ko da damina, ga kuma wanda za a kai wa ƙara in awo ya zo da gardama.

Da wannan ido nake kallon wani zance da ya yi shekaru yana yawo a bakin hukumomi, daga Yamai har Abuja da Dakar, wato batun raya kamfanonin fasaha masu tasowa, waɗanda yaranmu ƴan jami'a ke kira sitatap. Ni aikina riƙe wa ƴan kasuwa lissafi ne, ban san ta inda ake fara rubuta manhaja ba. Sai dai ɗan yayata ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida da wata dabara a ka, kuma ni aka zaɓa in raka shi wurin wani Alhaji neman jari. Dole na zauna na warware wa kaina abin kafin in je in ji kunya.

Wurin da aka fi ruɗewa shi ne ma'anar kanta. Shagon gyaran salula a Sabon Gari sana'ar fasaha ce, amma ba shi ake nufi ba. Mai shagon in yana son cinikinsa ya ninku, sai ya ƙara shago, ya ƙara yara, ya ƙara haya. Sitatap kuwa abu guda yake ginawa, galibi manhaja, wadda in ta yi wa mutum ɗari aiki za ta iya yi wa dubu ɗari ba tare da ɗawainiyar ta ninku haka ba. Nan daɗinsa yake. Ɗacinsa kuma, yakan yi shekara biyu, uku, ko fiye yana cin kuɗi bai kawo ko dala ba, kuma mafi yawansu mutuwa suke yi kafin su kai gaci. Masu zuba kuɗi a wannan harka sun san da haka. Mutum zai sa hannu a kamfani goma yana sane da yawa za su nutse, fatansa ɗaya ya fito ya rufe asarar sauran. Banki ba ya iya wannan, domin kuɗin da ke hannunsa ajiyar mutane ne, shi ya sa kafin ya saurare ka yake tambayar takardar fili ko ta gida. To yaron da dukiyarsa duka kwamfuta ɗaya ce da abin da ke cikin kansa, me zai ajiye jingina? Wannan giɓi ne gwamnatoci ke cewa sun zo cikewa.

A nan Nijar, zancen ya ɗauki kama sosai a 2017, zamanin Shugaba Issoufou Mahamadou, lokacin da aka kafa hukumar ANSI mai kula da harkar fasahar sadarwa ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, aka ɗora Ibrahima Guimba Saïdou a kanta, aka fito da tsarin da aka raɗa wa suna Nijar 2.0. A cikinsa akwai mayar da ayyukan gwamnati kan intanet. Akwai shirin kai rezo ƙauyuka, wanda Bankin Duniya ya ware wa miliyan 100 na dala a 2020 (dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba). Akwai birnin ƙirƙira a Sadore, kimanin kilomita 40 daga Yamai, inda cibiyar binciken noma ta ICRISAT take, akwai kuma gasar e-Takara da ake fitar da gwanaye. Kafin duk wannan, tun 2014 CIPMEN ya buɗe ƙofa a Yamai, gidan renon ƙananan kamfanoni, inda matashi ke samun tebur da intanet da wanda zai nuna masa yadda ake tsara lissafi da neman abokan ciniki.

Ba zan raina wannan ba. Ƙasar da masu wutar lantarki a gida ba su kai ko mutum ɗaya cikin huɗu ba, a ce ta fara tunanin nan, ba ƙaramin abu ba ne, kuma akwai matasan da a waɗannan wurare suka fara jin cewa abin da suka iya yana da daraja. Amma mu dubi abin da aka fi sa wa ƙarfi: gini, gasa, taro. Su ne masu sauƙin ɗauka hoto. Gasa tana auna wanda ya iya tsayawa minti biyar gaban alƙalai ya zuba Faransanci ba gargada, wannan kuwa baiwa ce daban da ta wanda zai shawo kan ɗan kasuwa ya ciro jika biyar kowane wata ya biya. Kuɗin kyautar yakan sayi kwamfuta, ya biya hayar ƴan watanni. Wata na bakwai in ya zo, kofin da ke kan tebur ba ya biyan albashi. Sannan ga nisa: daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne, kwana guda cur a mota, ga kuɗin masauki. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana nan tun 2010 tana yaye yara masu ilimin kimiyya da fasaha, amma wanda ya fi zafin nama a cikinsu yakan gane da wuri cewa ƙofofin duk suna bakin Kwara, sai ya tattara ya tafi.

Basira kam ba ita muka rasa ba. Abdou Maman Kané, ɗan ƙasar nan, ya ƙirƙiro ban ruwa ta salula, yadda manomi zai kunna injin garkarsa ya kashe daga inda yake, har ya ci babbar lambar Hassan II ta harkar ruwa a 2015. Duniya ta shaida dabarar. Sai dai mai garkar zogale a Jiratawa, in aka nuna masa kowace irin na'ura, tambayoyinsa ba sa canzawa: nawa ce, wa zai ba ni ita in biya bayan na sayar, in ta tsaya wa zan kira ya zo yau ba jibi ba? Amsar waɗannan ita ce kasuwar, kuma ba a ɗakin taro ake samunta ba.

Maƙwabta sun gwada ta hanyar doka. Tunisiya ce ta fara a nahiyar, a 2018, kuma dokarta tana da wani abu da ya burge ni: ma'aikaci zai iya ɗaukar hutun shekara guda ya je ya gwada kafa kamfani, in bai yiwu ba ya dawo kujerarsa, kuma ana ba masu kafa kamfanin, har mutum uku, ɗan abin da za su riƙe gida na shekara. Wato sun gane cewa abin da ke hana mutum tsunduma shi ne tsoron abin da iyali za su ci. Senegal ta bi baya a ƙarshen 2019, da sassaucin haraji na shekarun farko, amma an ɗauki shekaru kafin abin ya fara aiki yadda ya kamata. Najeriya ta sa hannu a tata a watan Oktoba na 2022, zamanin Shugaba Buhari: kamfanin da bai wuce shekara goma ba, wanda ƴan ƙasa ke riƙe da aƙalla kashi ɗaya cikin uku nasa, zai nemi lamba daga NITDA, hukumar raya fasahar sadarwa ta ƙasar, lambar ce ke buɗe masa sassaucin haraji, an kuma rubuta asusun tallafi na aƙalla naira biliyan 10 a shekara. Abin lura shi ne, manyan kamfanonin fasahar Legas sun riga dokar haihuwa. Kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biya ta intanet na Legas, a kan fiye da dala miliyan 200 tun 2020, shekara biyu kafin dokar. Rumfar ce ta biyo kasuwa.

Daga irin waɗannan dokoki, abin da zai fi amfanar yaro a Maraɗi ba mai ƙyalƙyali ba ne. Haraji ne. Ni da nake cike takardun lanfo na san akwai mafi ƙanƙantar harajin da ake yankawa kan ciniki ko da kamfani bai ci riba ba, ga TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, kashi 19 cikin ɗari, ga takardun da sai an biya wanda ya san hanya ya cike. Tsohon kamfani yana haɗiye wannan. Jariri kuwa, wanda tun asali an san zai yi shekaru yana asara, an ɗora masa buhu kafin ya iya rarrafe. Shi ya sa da yawa suke zama ba rajista, ba rajista kuwa ba kwangila, ba asusun banki na kamfani, ba mai zuba jari na kirki.

Batun wuta da rezo ba sai na daɗe a kai ba, kowa ya ɗanɗana. Wutar Maraɗi daga Najeriya take zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya hau, Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta, aka rufe iyaka, har sai da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Duk mai sana'ar kwamfuta a garin nan ya koyi lissafin man janareto a watannin nan. An shimfiɗa fiye da kilomita 1,000 na igiyar intanet ƙarƙashin shirin da ya ratsa Sahara da kuɗin Bankin Raya Afirka, Starlink ma, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ya samu izinin aiki a ƙasar. Wannan shi ne irin aikin da in gwamnati ba ta yi ba babu mai yi, kuma ya fi gasa goma amfani, ko da ba a yi masa kiɗa.

Inda nake so mu ɗan zauna shi ne biya. Kowace manhaja, ta sayar da kaya ce, ta karatu ce, ta asibiti ce, a ƙarshe tana buƙatar hanyar karɓar ƙananan kuɗi daga mutane da yawa. In karɓar dala ashirin zai ci dala biyar, ko sai an tura yaro a kan kabu-kabu ya karɓo, to maganar ninkuwa ta mutu tun a nan. Kamfanin Wave mai aika kuɗi ta salula a Senegal, wanda ya tara dala miliyan 200 a 2021, abin da ya ja masa jama'a ba wani abin al'ajabi ba ne: ya mayar da kuɗin aikawa kashi ɗaya cikin ɗari. A nan gida kuwa, in ana neman waɗanda suka gina harkar kuɗi da ta shiga kowace unguwa, Nita da Amana da Al Izza za a ambata. Ba wanda ya kira su sitatap, ba gasar da ta haife su. Sun ga ɗan ci-rani yana neman hanyar aika wa tsohuwarsa kuɗin gero ba sai ya ba direba amana ba, suka buɗe taga a kowane lungu, daga baya manhajojin salula suka biyo. Matsala ta riga fasaha, jama'a kuma suka biya da kansu.

Matashin da ke son shiga wannan fage zai ci karo da katanga biyu. Ta farko, izinin fitar da kuɗin salula ba a Yamai ake yanke dokarsa ba. Babban bankin BCEAO ne, mai hedikwata a Dakar, wanda ƙasashe takwas ke tarayya a kansa, kuma jarin da yake nema ga mai wannan sana'a miliyan 300 ne na sefa. Babu laifi a tsaurin, kuɗin talakawa ake karewa. Amma ma'anarsa ita ce ƙaramin kamfani dole ya hau bayan babba: banki, ko Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko masu aika kuɗi. In babban ya buɗe ƙofar haɗa manhaja da tsarinsa a kan farashi sananne, cikin lokaci sananne, ƙananan za su rayu. In kuwa sai wanda ya san wani, to sai ƴaƴan wane da wane. Tsayawa a kan wannan ƙofa aikin hukuma ne, ba ya cin siminti ko buhu ɗaya. A 2025 BCEAO ya ƙaddamar da tsarin da zai sa kuɗi ya riƙa wucewa nan take tsakanin bankuna da asusun salula daban-daban, kuma yadda kamfanonin ƙasar nan za su shige shi zai fi tasiri a kan yaranmu fiye da duk jawabin buɗe taro.

Katanga ta biyu tamu ce ta Maraɗi. Garin nan da kuɗi biyu yake numfashi. Wake da aya da riɗi da dabbobi suna gangarawa ta Dan Isa zuwa Jibiya, kayan masarufi suna haurowa, ana saye da sefa a sayar da naira, ko akasin haka, ƴan canji na tsakiya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 ta tashi daga ƙasa da 500 a dalar Amurka ta haura 1,500. Wanda ya ba da kaya bashi a Kano a watannin nan ya san abin da ya same shi. Manhajar lissafi ko ta biya da aka tsara a Yamai da tunanin sefa kaɗai, a Maraɗi ido ɗaya gare ta. Kuma tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, duk wata hanyar biya ta halal tsakanin ɓangarorin biyu sai gwamnatocin sun zauna sun shirya ta. Ciniki dai bai tsaya ba, ba kuma zai tsaya ba. Yana tafiya ne ta hanyar da ƙaramin kamfani mai rajista ba zai iya bi ba.

Akwai wani tallafi da gwamnati ke da shi a aljihu wanda ba kasafai take fito da shi ba, shi ne ta zama mai saye. Ma'aikatar magajin gari tana karɓar kuɗin rumfa da tikitin takarda. Makarantu suna riƙe sunayen yara a manyan littattafai. Kasuwannin dabbobi suna buƙatar lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Kowanne daga ciki aiki ne da yara uku masu kwamfuta za su iya, kuma kwangila ɗaya irin wannan ta fi kyautar gasa, domin tana zuwa da shaidar da za a nuna wa mai saye na biyu. Amma je ka karanta sharuɗɗan neman kwangila: shekarun gogewa, shaidar ayyukan baya, lamunin banki, takardar wanke kai daga lanfo. An rubuta su ne don mai gina titi. Wanda ya tsallake kuma sai ya jira biya. Babban ɗan kwangila yana iya jiran wata tara, yana da wasu harkokin. Kamfanin yara uku in ya jira wata tara, biyu sun tafi neman aiki a ƙungiyar agaji. Da za a keɓe ƙananan ayyukan fasaha ga ƙananan kamfanoni, a kuma biya su cikin wata guda ko biyu ba fashi, da an yi abin da ba a yi ba da duk tarukan.

Saura jari, kuma a nan ne nake ganin masu tsara manufofi suna neman abin da ke cikin aljihunsu. Ana maganar jawo masu zuba jari daga Turai da Amurka, alhali kuɗin da ke shigowa kamfanonin fasahar Afirka mafi yawansa ƙasashe huɗu ke kwashewa: Najeriya, Kenya, Afirka ta Kudu da Masar. Ba a layin muke ba, kuma bayan 2023 ma masu ba da agajin sun ja baya, har Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi na wani lokaci. Amma Maraɗi ta san jarin kasada tun kafin a haifi kwamfuta. Alhazan garin nan daga cinikin gyaɗa suka taso zamanin Turawa, suka bunƙasa da fataucin ƙetare iyaka, kuma yadda suke haifar sababbin ƴan kasuwa sananne ne. Yaro zai yi shekaru a hannun ubangida, ana aikensa, ana gwada amanarsa da ƙaramin kaya, sannan a ba shi babba ba takarda ba jingina, in ya kawo ƙarfi a sallame shi da jari ya tsaya da ƙafarsa. Wasu sun ci amana, wasu sun karye, ubangida ya shanye, domin wanda ya fito ya rufe. Addini ma ya tanadi tsarin: abin da littattafan Malikiyya ke kira ƙiradi, bankunan Musulunci ke cewa mudaraba, wani ya kawo kuɗi wani ya kawo aiki, a raba riba yadda aka shirya, asara kuma ta faɗa kan mai kuɗin muddin ba sakaci aka yi ba. Me ya raba wannan da abin da ake yi mana bayani da dogon Turanci?

Abubuwa kaɗan ne, amma masu nauyi. Alhaji yana ganin kayansa. Buhun shinkafa ana ƙirga shi, in ciniki ya ƙi a mayar da shi sito. Manhaja in ta ƙi, babu abin mayarwa. Alhaji ya saba kuɗi ya fita ya dawo cikin tafiya ɗaya ko kaka ɗaya, a nan kuwa ana ce masa ya jira shekara biyar. Ya saba kuma dukiyar tasa ce, yaron nasa ne, sai ga yaro yana cewa kashi ashirin zan ba ka, sauran nawa ne da abokaina, kuma ba kai za ka yanke shawara ba. Sannan a can ƙasashen mai jari yana fita ne ranar da wani babban kamfani ya saye ƙaramin. A Maraɗi wa zai saye? Don haka kwafo tsarin yadda yake ba zai yi ba. Abin da ya fi kama da mu shi ne rabon abin da ya shigo: a ba da jari, a riƙa cire wani kaso na ciniki har a biya ninkin da aka amince, sannan kowa ya san matsayinsa. Dokar kamfanoni ta OHADA, tsarin dokokin kasuwanci da Nijar ke tarayya a kai da wasu ƙasashen Afirka, tun gyaran 2014, ta kawo nau'in kamfani da ake kira SAS, wanda ke barin masu shi su tsara tsakaninsu kusan yadda suka ga dama. Kayan aikin yana nan. Ba a fassara wa Alhaji shi ba ne da bakin da yake ji.

Isra'ila a 1993 ta yi wata dabara da ake yawan ambato, shirin Yozma. Gwamnati ta fitar da dala miliyan 100, amma a mafi yawan kuɗin ba ta zauna tana zaɓen wanda za a ba ba. Ta ce wa masu kuɗi: ku kafa asusu, zan sa kusan kashi 40, ku kawo sauran, ku ne za ku zaɓi kamfanonin, in an ci riba kuna iya sayen kasona da sauƙi. Wato ta rage musu zafin asara, ta bar musu idon zaɓe. A ganina wannan ya fi dacewa da Maraɗi fiye da asusun da ma'aikata za su raba. Mun san yadda ake ɗaukar kuɗin gwamnati in ya fito kai tsaye: rabo ne, ba mai niyyar mayarwa. Har mun samu wani sabon aji na matasa, gwanayen cike takardar furoje, waɗanda sana'arsu ita ce neman tallafi, yau noma, gobe sauyin yanayi, jibi fasaha, duk inda iskar masu ba da kuɗi ta kaɗa. Amma in Alhaji ya sa miliyan biyar nasa na kansa, gwamnati ta ɗora biyar, wallahi zai bibiyi yaron fiye da duk wani mai bincike daga Yamai. A Yamai akwai Sinergi, kamfanin da ya daɗe yana sayen kaso a ƙananan masana'antu yana raka su, don haka sanin aikin ba baƙo ba ne a ƙasar.

Akwai kuma wani abu da ba a faɗa a taro, ni kuwa sana'ata ta nuna mini shi. Manhaja ba ta mantuwa. Duk buhun da ya shiga, duk motar da ta fita, a rubuce. Ɗan kasuwa da ya ga haka, abin da ke fara zuwa masa shi ne dwan da lanfo. Gwamnati tana son a koma lissafin kwamfuta don ta ga abin da za ta yanka, ɗan kasuwa kuma yana gudun kwamfutar saboda wannan dalilin. Muddin ba a ba mutane tabbacin cewa fitowa fili ba zai zama sanadin tono shekarun baya ba, kuma harajin zai kasance abin da za a iya ɗauka, to yaranmu za su yi ta gina manhajojin da masu kuɗi za su yaba da baki su ƙi saye.

Ga harshe. Wata mai bincike daga jami'ar Tufts, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ba manhaja ba, ba intanet ba, kira ne kawai: nawa tiya a Cadawa, nawa a Tasawa. Har gobe fasahar da ta fi shiga jikin mutanenmu murya ce. Ƴan kasuwa da saƙon murya na WhatsApp suke ƙulla cinikin miliyoyi. Cibiyar RECA ta manoma ta gane haka, tana amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp da Hausa da Zabarmanci, manomi ya ɗauki hoton ganyen da tsutsa ta ci ya aika a faɗa masa abin yi. Yawancin manyan ƙasar nan ba su yi boko ba, amma ana koya wa yara gina manhaja mai maɓallai da Faransanci. Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a hukumance. In za a ɗauki wannan da gaske a fannin fasaha, to a tara muryoyi da rubuce-rubucen Hausa a bar su a buɗe ga kowane mai gini, a kuma sa ayyukan gwamnati su yi magana da ita. Fa'idar ga Maraɗi ta fi ta kowa, domin abin da aka gina da Hausa ba ya tsayawa a Dan Isa. Katsina ba ta kai kilomita 100 ba, Kano na bayanta, ga layin dogo mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a 2021 yana tahowa. Kasuwar yaron Maraɗi kudu take, ko da takardunsa na yamma.

Mun je wurin Alhajin, bayan la'asar, a ƙofar sitonsa. Ɗan yayata ya zo da kwamfuta da shafuka goma sha biyu irin na gasa. Na ce ya bar ta a jaka. Ya durƙusa ya gaida shi, ya ce: “Baba Alhaji, motocinka nawa ne a hanya yanzu, kuma wanne direba ne ya karɓi kuɗin mai sau biyu a satin nan?” Alhaji ya yi shiru, ya dube ni, ya ce: “Malam, kai ka gaya masa?” Na rantse ban faɗa ba. Maganar jari ba ta taso ba ranar. Abin da aka tsayar shi ne yaron zai riƙe lissafin mota uku na wata biyu, direbobi su riƙa aiko da saƙon murya, shi kuma ya mayar da shi lissafi, a biya shi jika talatin a wata. Muna miƙewa Alhaji ya kira shi ya ce: “Kai yaro, in salular ta faɗa ruwa, ina lissafina?” Ya ce yana nan a ajiye a wani wuri, ko an sace wayar ba zai ɓata ba. Alhaji ya ce: “Wane wuri? Wa ke da makullin?” Kan wannan suka ƙara rabin awa, ni kuma na tafi sallar magariba.